Jirgin yana matsowa har gaɓa ne ko a ƙananan jirage ake sauke mutane?

Hajiya barka da warhaka, na ga tambayarki tun jiya da daddare sai yanzu na samu zama. Kin ce ke da maigida kuna so ku ɗauki Mama ku hau irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, kun rasa zaɓi tsakanin tsibiran Girka da na Karibiyan, ga Mama gwiwa na damunta, shine kike so ki sani in an isa tsibiri jirgin yana matsowa ne har bakin gaɓa ko a cikin ruwa yake tsayawa a kwashe mutane. To duka biyun ana yi, a tafiya ɗaya ma ta kwana 7 zaki iya gamuwa da kowanne, kuma yawanci ba kamfanin jirgin ke zaɓa ba, tsibirin ne da irin ruwansa.

Bari in fara da mai sauƙin. In tsibirin yana da tasha mai zurfi, jirgi zai zo ya jingina da ita a ɗaure shi da igiyoyi a miƙo gada, ki nuna katinki a ƙofa ki taka ki fita, shikenan. Daɗin abun ba fitar bane kawai, dawowar ce, sabida jirgin ya zama kamar otal ɗinki da ke bakin titi, Mama ta gaji ƙarfe 11 sai ku koma, ku ci abinci ku yi azahar a ɗaki ta miƙe ƙafa, la'asar sakaliya ku sake fita in da lokaci. Haka ake yi a Nasau ta Bahamas inda jirage 6 ke iya tsayawa lokaci ɗaya tun gyaran da suka gama a 2023, haka a Kozumel ta Meziko mai tashoshi 3, haka a Malta, haka a Rodos ta Girka wadda kina sauka ga ganuwar tsohon gari nan a gabanki. Illarsa ɗaya, wani lokacin gadar kanta doguwa ce ko tashar tana wajen gari, a Kozumel kafin ki taka daga ƙofar jirgi zuwa inda tasi suke kin yi tafiya mai ɗan dama cikin rana, dan haka keken tura marasa lafiya zai yi amfani ko Mama ta ce bata so.

Ɗayan kuma shi suke cewa tenda. Jirgi zai tsaya can nesa ya saki anka, sai a sauke jiragen ceton nan masu ruwan lemo da kike gani a rataye a gefensa, ko kuma masu jirage na tsibirin su zo da nasu, kowanne yana ɗaukan mutum 100 zuwa 150 haka, a riƙa jigila. Tafiyar kanta ba komai bace, minti 10 zuwa 20, jiran ne matsala. Ki lissafa da kanki, jirgi mai fasinja 3,000 in kowa zai fita sawu 20 kenan ko fiye, kuma kowa da safe yake so ya fita. Shi yasa suke raba tikiti mai lamba, kyauta ne amma sai an kira lambarku, kuma waɗanda suka sayi yawon gari ta hannun jirgin da masu manyan ɗakuna su ake fara sakawa, sauran ku zauna a falo kuna kallon tsibiri ta taga. Da yamma ma layi ne a bakin ruwa, kuma tenda na ƙarshe yana tashi kafin lokacin tashin jirgi, in ya wuce ku ya wuce, sai dai ku nemi hanyar da zaku tarar da shi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunku.

Amma abun da nafi so ki gane game da Mama shine takun nan guda ɗaya. Babban jirgi a tsaye yake kamar gini, ƙaramin kuma yana sama yana ƙasa da igiyar ruwa, to sai kin ɗaga ƙafa daga wanda baya motsi kin ɗora a wanda ke motsi, ma'aikata biyu na riƙe da hannunki suna jiran ruwan ya daidaita su ce yanzu. Ga mai lafiya wasa ne, ga mai ciwon gwiwa da doguwar abaya ba wasa bane wlh. Kuma maza ne galibi masu riƙon, in Mama irin iyayen nan namu ne da basa yarda namiji ya kama musu hannu gara ki faɗa mata tun a gida. Mai keke kuma yawancin kamfanoni sharaɗinsu sai in zai iya tashi ya taka da ƙafarsa a naɗe keken a miƙa, keken lantarki mai nauyi sau da yawa basa ɗauka sam. Sannan in iska ta taso kyaftin na iya cewa yau ba sauka, ku wuce tsibirin kuna kallonsa, abun da za a mayar muku bai wuce harajin tasha da kuɗin yawon da kuka saya a jirgi ba. A tashar da ake jingina ma iska na hana shiga amma ba kamar na tenda ba.

Ni abun ma kakanninmu yake tuna min, waɗanda suka je hajji ta ƙasa suka tsallaka daga Sawakin ta Sudan, a da jirgi baya iya matsowa gaɓar Jidda sabida duwatsun murjani, can waje yake tsayawa ƙananan jiragen Larabawa masu filafilai su kwaso alhazai. Akara ta Ghana ma haka aka yi ta fama da kwalekwale har aka buɗe tashar Tema a 1962. Kinga ba sabon abu bane.

To me yasa wasu tsibiran har yau basu gina tasha ba alhali ga kuɗi na shigowa. Manyan jiragen nan cikinsu na nutsewa kamar mita 8 zuwa 9 a ruwa, inda ba zurfi ko akwai murjani sai an yashe ƙasan teku, kuma ba kowa ke yarda ba. Tsibirin Kayman babba a Karibiyan shine misali, duk jirgin da yaje babban birninsa George Town tenda ne, an yi shekaru ana rigima a kan gina tasha, ranar 30 ga Afrilu 2025 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen suka ce basa so. Shi yasa ƙattin jirage irin Icon of the Seas mai tsawon mita 365 da ke iya ɗaukan fasinja 7,600 basa zuwa can, wa zai kwashe wannan jama'a a ƙananan jirage. Kamfanonin da kansu sun gaji da tenda, Royal Caribbean ta gina gada a tsibirinta na CocoCay a 2019, a da can ma tenda ne. A Hawayi kuma garuruwan Hilo da Kona a tsibiri ɗaya suke amma Hilo ana jingina, Kona tenda.

Santorini ta Girka ita kuma nata daban ne, kuma nasan ita ce ta ja hankalinki sabida hotunan fararen gidaje masu shuɗin rufi. Bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, zurfin ya yi yawa, gaɓar kuma tsaye take kamar katanga, garin Fira yana can sama fiye da mita 200. Tenda zai ajiye ku a tsohuwar tasha a ƙasa, daga nan zaɓi uku ne, motar igiya, wato ƴan akwatunan nan da ke rataye a igiyar ƙarfe ana jan su sama, mai ɗaukan mutum 36 a sawu, ko matakala kusan 600, ko jaki da alfadari a kan matakalar dai. Ranar da jirage 4 ko 5 suka haɗu layin motar igiyar nan na saukowa da yamma yana iya cin awa guda ko fiye a tsaye cikin rana. In kun sayi yawo ta hannun jirgi ana kai ku tashar Atiniyos inda bas ke ɗauka, kun huta da hawan, amma dawowa galibi a Fira ake sallamarku ku sauko da motar igiya, dan haka ki tambaya kafin ki biya. Ga kuma harajin yuro 20 kan kowane fasinja da Girka ta saka a Santorini da Mikonos a tsakiyar bazara tun 2025. Mikonos ɗin ma rabi da rabi ce, akwai tasha a Turlos kamar kilomita 2 daga gari amma bata ɗaukan jirage da yawa, wanda bai samu wuri ba tenda zai yi, sai dai shi tenda a nan cikin gari yake sauke ki, na jinginar ne ma sai ya nemi mota. Wannan kam nasarar tenda ce, ga kuma kallon jirginku daga ƙasa, hoton da yafi kyau a nan ake ɗauka.

In nine ke, da Mama a tafiyar, Karibiyan ta ɓangaren Nasau da Kozumel da San Matin tafi sauƙin sauka, matsalarta bizar Amurka tunda yawanci daga Miyami ko wani garin Fulorida ake tashi. In Girka kuka fi so ki nemi tafiyar da ta fi yawan Rodos da Korfu da Kirit, ranar Santorini Mama ta zauna a jirgi ta sha kallo daga bene, daga ruwan ma garin yafi kyau, ku biyu ku fita. Bizar Shengen ɗin, wato ta ƙasashen Turai da ake shiga Girka da ita, ta zama mai shiga da yawa in jirgin zai leƙa Turkiyya ya dawo. Kafin ki biya ko sisi ki buɗe jadawalin tafiyar, duk tashar da kika ga ɗan hoton anka a gefenta ko an rubuta tenda ita ce, ki ƙirga su, in sun wuce ɗaya a kwana 7 ki duba wani jirgin. Ki turo sunan jirgin da watan da kuke so in duba miki tasha tasha.