Hattara manoman tumatir, akwai masu yawo da maganin feshi na bogi

Salamu alaikum yan uwa masu lambu na Maradi da kewaye, musamman Jiratawa, Madarunfa da Tibiri. Don Allah a kula, akwai wasu mutane da ke zagaya lambuna bisa babur da jarkoki, suna ɗura wani ruwa cikin robobin lemu suna saida ma mutane jaka biyu jaka ukku, wai magani ne daga waje, feshi guda ya gama da tsutsa da farin ƙuda da nannaɗewar ganye duka. Ba takarda jikin robar, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, in ka shinshina warin piya-piya ne aka tsinka da ruwa. Wasunsu ma ta WhatsApp suke, hoton gonar wani su ɗora, su ce turo rabin kuɗi a aiko maka a mota, kana turawa lamba ta mutu.

Tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har aka riƙa ce mata ebolar tumatir, cikin ganye take shiga tana ci daga ciki, ta huda ɗan tumatir ɗin ma, shi ya sa ko magani na ƙwarai sai an canza shi lokaci lokaci don tana saurin sabawa da shi, balle ruwan roba. Ita kuwa nannaɗewar ganye cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, in ta kama tsiro babu feshin da ke warkar da shi, sai dai a tumɓuke a ƙone. Duk wanda ya ce yana da maganinta wallahi kuɗinka yake so.

Abin da ya fi bani takaici, mutum ya fesa yau gobe ya tsinka ya kai kasuwa, iyalan mutane ne fa za su ci.

In za ku saya ku je shago sananne, kwalba a rufe da hatiminta, ku duba lambar izini ta CSP, wato kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, in ba ka karatu riƙe kwalbar ka nuna ma malamin gona. Mai ƙaramin lambu kuma ya daka 'ya'yan bedi ya jiƙa su kwana, ya tace, ya sa ɗan sabulu ya fesa da marece har ƙarƙashin ganye. A tura ma sauran guruf guruf na manoma don Allah.