Tanki biyu ko tanki ɗaya mai sensa a motar turbo?

Wanda ya ƙara wa motarsa ƙarfin turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, yakan so mai iri biyu, fetur na yau da kullum da kuma E85, wato haɗin da kusan kashi 85 cikin ɗarinsa etanol ne sauran kuma fetur, na ranar da za a taka ta sosai, tunda E85 ba ya saurin kamawa da kansa kafin fulogi ya kunna shi. To hanya biyu ce.

Ta farko ka sa ƙaramin tanki a but da makunni a gaba. Daɗinsa kana latsawa ka canza mai, amma fa aikin ba nan ya tsaya ba, bawul ɗin da ke canza tankin dole ya juya tiyon da ke kai mai da wanda ke dawo da shi tare, in ba haka ba man wannan tanki ya rinƙa komawa wancan har ya cika ya tumbatsa. Sannan bayan ka latsa akwai sauran tsohon mai a tiyo, kwamfutar motar ta koma lissafin E85 alhali fetur ne ke shiga, ka danna totur a wannan ɗan lokacin fiston ɗin injin zai iya lalacewa. Ga warin mai a cikin mota in ba a fitar da bututun iskar ƙaramin tankin waje ba.

Ta biyu tanki ɗaya, ka ɗaura sensa mai karanta yawan etanol, kwamfuta ta gyara kanta ko yaya ka gauraya. Matsalarsa sai man ciki ya ragu kafin ka canza, kuma E85 na shan kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, kenan injekta masu fesa mai cikin injin da famfon mai sai manya, kodayake wannan ko tanki biyun ma bai kuɓuta ba.

Ni dai sensa zan ɗauka gaskiya, sai dai in man tsere zalla kake son ɓoyewa gefe.