Katin Naira, Asusun Dala ko Ɗan Aike a Chaina: Da Wanne Mai Sana'ar Intanet Zai Riƙa Biya?

Duk wanda ya fara sayar da kaya a Instagram ko WhatsApp kafin 2022 ba zai manta da yadda katin naira ya daina aiki a waje ba. A watan Maris na shekarar bankuna da dama suka rage abin da mutum zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata. A ƙarshen Satumba First Bank ya rufe biya a waje da katin gaba ɗaya, GTBank ya bi sahu a ƙarshen Disamba. Ƙarancin dala ne ya jawo haka. Idan ka biya da katin naira, bankinka ne yake nemo dalar ya biya a madadinka, kuma a lokacin farashin gwamnati yana wajen naira 450, alhali a hannun 'yan canji ya haura 700.

Ni takalma da jakunkunan mata nake sayarwa. Na tuna safiyar da na tashi na tarar tallata ta tsaya cak saboda an kasa cirar kuɗi daga katina, ga kaya sun iso, ga Sallah ta matso. Kwana huɗu na yi ina neman hanya. Tun daga nan na gwada kusan kowace hanya da 'yan'uwa suke bi, kuma abin da na gani ne zan faɗa.

A Yulin 2025 wasu bankuna, irin su GTBank da UBA da Wema, sun sake buɗe katin naira don biya a waje, kowanne da iyakar da ya sa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi: ba ka buɗe sabon asusu ba, ba ka je wurin ɗan canji ba. Ga kuɗin talla, ko ƙaramar oda a shafin sayayya na AliExpress, ta wadatar. Sai dai ka tambayi bankinka abu biyu kafin ka dogara da ita: nawa ne iyakar, kuma a kan wane farashi suke lissafa dalar a ranar. Sannan ka riƙa tunawa cewa abin da ya sa aka rufe a 2022 yana iya dawowa, kuma sanarwar da za ka samu ba za ta wuce saƙon imel ba.

Asusun dala, wanda aka fi sani da dom, shi ne ya fi wahalar buɗewa, kuma shi na fi amincewa da shi. Yawanci banki zai nemi mutum biyu masu asusun da ake kira "current" su tsaya maka, kuma a nan ne mata da yawa masu sana'a daga gida suke karaya. Kada ki karaya, 'yar'uwa, wahalar sau ɗaya ce. Bayan an buɗe sai ki nemi katin dala a kan asusun, ki sayi dala, ki zuba. Idan a Kano kike, Wapa, kasuwar 'yan canji, za ki nufa, kuma a nan akwai abin lura. Ki duba kowace takarda ɗaya bayan ɗaya tun kina gaban mai canji. Ki nemi sabuwar takardar dala ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, marar yagewa, marar rubutu ko tabon mai, domin ma'aikacin banki yana iya ware tsohuwa ko wadda ta ji jiki ya turo miki ita ta ƙasan gilashi, ki koma ki sayar da ita da ragi.

Amfanin dom ya wuce biyan kuɗi kawai. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ajiye kuɗin sarin gaba a dala bai ji wannan dukan kamar wanda ya bar su a naira ba. Amma takobin kaifi biyu gare shi: idan ka saya da tsada naira ta farfaɗo, kai ne da asara. Akwai kuma kuɗin kula da kati da ake cira, da ɓata lokacin zuwa banki. Wanda bai wuce dala talatin yake kashewa a wata ba, dom ya yi masa nauyi.

Sai katin dala na manhajar waya, wanda ba ka riƙe shi a hannu, lambobi ne kawai. Cikin minti kaɗan za ka buɗe, ka tura naira, ta koma dala. Shi ya ceci mutane da yawa a 2022, kuma a shekarar ce ya nuna rauninsa. A watan Yuli kamfanin Union54 na Zambiya, wanda yake samar wa manhajoji da yawa katunan, ya dakatar da aiki saboda matsalar zamba, sai katunan suka mutu kusan a tare, har da na manhajar Barter mallakar kamfanin Flutterwave. Mutane sun ɗauka kamfanoni daban-daban suke amfani da su, ashe rijiya ɗaya duk suke ɗiba. Farashin dala a manhajojin nan yakan ɗara na banki, kuma wasunsu suna cajin ka duk lokacin da aka yi ƙoƙarin cirar kuɗi babu isasshe a ciki, idan ya maimaitu su soke katin. Mai talla ya fi kowa faɗawa wannan tarkon, tunda kuɗin talla da kansu suke fita. Ina amfani da shi, amma ba na barin kuɗi su kwana a ciki fiye da abin da zan biya a makon.

Ga mai sari da yawa kuwa, musamman daga 1688, shafin sari na Chaina, inda da yuwan (kuɗin Chaina) ake biya ta manhajar Alipay, duk katunan nan ba su cika amfani ba. Ɗan aike ake nema a birnin Guangzhou ko Yiwu na Chaina: ka tura masa naira a asusunsa na gida, shi ya biya da yuwan, ya haɗa kayan ya auno. Amana ce zalla, babu bankin da zai dawo maka da kuɗi idan ya ɓace. Ka nemi wanda 'yan kasuwar da ka sani ido da ido suka daɗe suna hulɗa da shi. Ku yi magana a rubuce kan farashin yuwan, da ladansa, da kuɗin kilo, ka fara da ƙaramar oda, ka kuma nemi hoton kayan a sito kafin a ɗaure. Wasu suna biyan ɗan aike da USDT, wani kuɗin kirifto (kuɗin intanet) mai bin darajar dala. Ni ban ba da wannan shawara ga sabon shiga ba, domin wannan ƙofar ma an sha rufe ta: Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kirifto daga Fabrairun 2021 zuwa Disambar 2023, Binance, dandalin cinikin kirifto, kuma ya daina harkar naira a Maris na 2024.

Yadda na tsara nawa yanzu shi ne: talla tana kan katin naira, na kuma saka katin manhaja a matsayin na biyu a asusun tallar, ta yadda idan ɗaya ya ƙi ɗayan zai ɗauka. Kuɗin sarin gaba suna dom. Babbar oda tana bi ta hannun ɗan aike guda, kuma ina da lambar wani na biyu da na riga na gwada da odar takalma dozin biyu.