Firij ɗin tukunya: wata huɗu ina amfani da shi, ga gaskiyata

Wallahi da maƙwabciyata ta ce in haɗa "firij ɗin ƙasa" dariya na yi, na ce yanzu tukunya ce za ta yi min maganin rashin wuta? Amma da na gaji da zubar da ruɓaɓɓen tumatir sai na je wajen masu tukwane na sayo biyu, babba da ƙarama, na sa ƙaramar cikin babbar, na cika tsakaninsu da yashi na jiƙa shi sharaf, na rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu, shikenan fa.

Ba tsafi ba ne, lissafin gumi ne kawai. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska ta busar da shi ya tafi da zafin ciki, yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa abin har kamfanin agogon Rolex suka ba shi kyauta a 2000.

A tsakiyar zafin Afrilu na zuba tumatir da tattasai da gauta, bayan sati guda na ɗaga buhun na taɓa su garau, ga sanyi-sanyi a yatsa, na ce ikon Allah!

Amma kar ka sa ran ƙanƙara. Kuma safe da yamma sai ka ƙara ruwa, ranar da na manta alayyahuna ya yi yaushi. Da damina ta kankama kuwa aikinsa ya ja baya sosai, iska cike da laima ruwan ba ya bushewa, yanzu jiran hunturu nake in gani.