Takardar biyan dala 500 da ta kai ni gidan tarihin ƙwallon Amurka a Canton

Ɗana ne ya ja ni zuwa wajen nan. Shekara biyu ke nan yana buga ƙwallon Amurka a makarantar sakandare a Columbus, kuma a sahun gaba yake, cikin ƙattan nan biyar da aikinsu shi ne tare abokan hamayya. Na je kallon wasansa ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin ƙwallo ta taɓa hannunsa ba. A zuciyata na ɗauka an ba shi aikin da ba wanda yake so ne saboda girman jikinsa. Ranar da na furta masa haka, bai yi gardama ba, sai ya ce, "Baba, ka kai ni Canton, akwai takardar da nake so ka gani."

Muka kama hanya ran wata Asabar, tafiyar kamar awa biyu a mota. Sunan wajen Pro Football Hall of Fame, an buɗe shi a 1963. An zaɓi Canton ne domin a garin aka kafa ƙungiyar da ta zama NFL, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka, a watan Satumba na 1920, a wani shagon sayar da motoci. Da shigarka za ka ci karo da mutum-mutumin Jim Thorpe, shahararren ɗan wasa na farkon zamanin, daga nan tarihin yake tafiya bi da bi daga farkonsa. Wannan tsari ya yi mini daɗi, don ko wanda bai san dokokin wasan ba zai iya bin zaren.

Takardar tana can sashen farko. Shafi ne na lissafin kuɗin shiga da na fita na ƙungiyar Allegheny Athletic Association, na wasan da ta yi da Pittsburgh Athletic Club ran 12 ga Nuwamba, 1892. A cikin layukan akwai inda aka rubuta cewa an ba W. Heffelfinger tsabar kuɗi dala 500 saboda ya buga wasan. Wannan ita ce shaida mafi daɗewa da ake da ita ta an biya mutum don ya buga wannan wasa. Ɗana ya sa yatsa kusa da gilashin ya ce, "Baba, wurin da nake tsayawa shi ma nan yake tsayawa."

Na daɗe a gaban takardar nan, kuma da muka koma gida na ƙara bin labarinsa. William Heffelfinger, wanda ake wa laƙabi da Pudge, an haife shi a Minneapolis a 1867, mahaifinsa mai kamfanin takalma ne. Ya buga wa jami'ar Yale daga 1888 zuwa 1891, a hannun Walter Camp, mutumin da ya tsara yawancin dokokin wasan. A shekararsa ta farko Yale ta cinye dukkan wasanninta, ba wanda ya ci ta ko maki ɗaya. Sau uku a jere ana sa shi cikin gwanayen ƙasar baki ɗaya. Nauyinsa bai kai kilo 100 ba, alhali 'yan sahun gaba na yanzu sukan haura 135, amma a zamaninsa ƙato ne. Kuma ba hular kwano irin ta yau, da kai da ƙirji ake karo.

Abin da ya fi kama ni shi ne dabarar da ake danganta masa. Maimakon ya tsaya inda yake yana ture na gabansa, sai ya ja da baya, ya zaga ta gefe da gudu, ya shiga gaban mai riƙe da ƙwallo yana share masa hanya. Har yau ana yin wannan, kuma ashe shi nake ganin ɗana yana yi duk ranar Juma'a da dare ban gane ba. Idona yana kan ƙwallo, aikin kuwa yana faruwa taku uku a gabanta.

Wasan na 1892 ma yana da labari. Ƙungiyoyin biyu maƙwabta ne, kishi ya yi zafi a tsakaninsu, ga 'yan caca sun zuba kuɗi. Allegheny ta ɗauko Heffelfinger a ɓoye daga wata ƙungiya ta Chicago. Da 'yan Pittsburgh suka gan shi a fili suka tada ƙayar baya, sai da aka soke cacar kafin a fara. A cikin wasan ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan Pittsburgh, Heffelfinger ya sure ta ya kai ta ƙarshen fili. A lokacin maki 4 ake bayarwa a kan haka, kuma da 4 da 0 aka tashi. Saboda karɓar kuɗi a wasa abin kunya ne a wancan zamani, maganar ta kwanta shekaru da yawa. Mutane sun ɗauka John Brallier ne na farko, wanda aka ba dala 10 a Latrobe a 1895. Sai a shekarun 1960 takardar ta fito, bayan Heffelfinger ya rasu a Texas a 1954.

Bayan wasa ya horar da 'yan jami'ar California a 1893, da Lehigh a 1894, da Minnesota a 1895, sannan ya koma kasuwanci da siyasar yankinsu. Yana da shekara fiye da hamsin ya sake shiga fili a wani wasan taimako a Columbus, garin da nake zaune. Ba za ka ga kansa ba a ɗakin mutum-mutumin tagulla na gwanayen da gidan ya karrama, domin sunansa a wasan jami'a ya yi shi, gidan tarihin wasan jami'a ne kuma ya karrama shi a 1951.

A wannan ɗakin dai na tsaya gaban Duke Slater, baƙar fata na farko da ya buga sahun gaba a NFL, daga 1922 zuwa 1931, ya kuma zama alƙali a Chicago daga baya. Sai 2020 aka shigar da shi cikin gwanayen gidan, shekara 54 bayan rasuwarsa. Nan ma ɗana bai so mu tafi ba.

Shawarata ga mai zuwa: ya ware aƙalla awa uku, kuma kada ya yi saurin wuce sashen farko don ya isa inda ake nuna zobban zakarun Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, da manyan allunan bidiyo. Yara can suke rugawa, kuma wajen yana da kyau ƙwarai, amma tsofaffin riguna da hulunan fata na farkon ƙarni su ne suke sa ka gane irin wahalar da aka sha. Farkon watan Agusta kuma, lokacin bikin shigar da sababbin gwanaye, garin cika yake yi, mai son nutsuwa ya zaɓi wani lokaci. Idan ba ka san wasan sosai ba, ka tafi da wanda ya sani, domin rabin abin da na fahimta daga bakin ɗana na ji shi.

Ran Juma'ar da ta biyo baya na zauna a benci na ƙi bin ƙwallo da ido, shi kaɗai na sa wa ido. Sau biyar na ƙirga ya ja da baya ya zaga ta gefe.