Jan ƙarfe mai ruwan azurfa ko azurfa ta gaske, amsar tambayar Tanti

Tanti na ga tambayarki tun jiya da dare, kin ce za ki haɗa wa ɗiyarki kayan ado na aure, kuma wani mai saidawa ya nuna miki kala biyu duka ƙirar hannu, guda azurfa ce guda kuma jan ƙarfe ne da aka ba ruwan azurfa, wato palake, a ido ba ki ga bambanci ba amma a kuɗɗi akwai tazara mai yawa, wanne za ki ɗauka. To ni dai shekara da shekaru ina ɗaukar kaya wajen maƙeran fari, na cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da na cikin gidan tarihi, mize Bubu Hama, duka a Yamai, kuma gidanmu a Tawa ƙofa da ƙofa muke da gidan maƙera, bari in faɗa miki abin da na sani.

Da farko ita kanta azurfar da ake ƙira da ita ba zalla ba ce. Zallar ta cika taushi, lanƙwashewa take, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe kaɗan. Wannan lambar 925 da kike gani a buge jikin kayan azurfa ma'anarta kenan, cikin kashi 1000 kashi 925 azurfa ne, sauran 75 galibi jan ƙarfe. Kakanninmu ma tsoffin kuɗɗi ake narka musu, riyal ɗin nan mai hoton mace mai ɗauke da shekarar 1780, wadda azurfarta 833 ce nauyinta wajen giram 28, da tsohuwar dala ta Faransa mai giram 25 wadda take 900. Kin ga kenan jan ƙarfe dama can yana cikin abin.

Shi kuwa palake akasin haka ne, gangar jikin duka jan ƙarfe ce, ko tagulla mai ruwan ɗorawa wadda aka haɗa jan ƙarfe da tutiya, azurfar riga ce kawai aka sa masa. Bayan maƙeri ya gama ƙira ya goge, sai a tsoma abin cikin ruwan magani da aka narka azurfa a ciki, a sa masa kuran, wato lantarki, azurfar ta bi ta lulluɓe shi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1840 aka fara sana'arta a Birmingham ta Ingila. Amma rigar nan siririya ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai mikiron 10 ba (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kai guda kaurinsa na wajen 70. To ki auna da kanki abin da zufar watan Afirilu a Yamai za ta yi mata.

Wajen aikin hannu kam babu wanda ya fi wani, wannan ina son a gane. Ko bugu da zane ne, ko kuma zubi irin na sarƙar Agadas da ta Tawa da ake fara siffantawa da kakin zuma a rufe da yumɓu a gasa kakin ya tsiyaye a zuba narkakken ƙarfe, wahalar guda ce, kai jan ƙarfen ma ya fi son wuta, sai ya kai digiri 1085 yake narkewa, azurfa kuwa 962. Kuma ba ƙarfen raini ba ne a ƙasar nan, matafiyin nan Ibn Batuta da ya zo tsohon garin Takadda na yankin Agadas a 1353 ya iske sandunan jan ƙarfe ne kuɗɗin da ake sayen nama da hatsi da su. Saboda haka in maƙeri ya ce miki wanga palake ne ya kuma yi miki kuɗɗin palake, bai cuce ki ba, ƙarfen ne mai araha, giram ɗin azurfa ya ninka na jan ƙarfe fiye da sau 50.

Inda suke rabuwa shi ne bayan an fara sawa. Azurfa tana yin baƙi, gaskiya ne, farar wuta da ke cikin iska da zufa ce ke kama ta, amma baƙin a sama yake tsayawa, ki samu toka mai laushi ko man goge haƙori da tsumma ki murza sai ta dawo fes, ko sau ɗari kika yi ciki da waje abu guda ne. In ta karye a like, in ɗiyar ta gaji da yayin a narke a sake mata wata ƙira, in kuma wata lalura ta taso, Allah ya kiyaye, a ɗora kan sikeli a ba ta kuɗɗinta. Palake shi ma yana baƙi tunda saman azurfa ne, sai dai gugar da ke gyara waccan ita ke kashe shi, kowace murza kina cire rigar ne, wata rana sai ki ga ja-ja ya leƙo ta gefe da wajen da ke gugar fata, daga nan sai ya fara bar mata kore a hannu. Koren ba cuta ba ne, sabulu na fidda shi, amma amarya da koren yatsa gaban dangin miji ai ba daɗi. Ana iya maida shi a sake ba shi ruwa, sai dai ranar saidawa babu mai auna miki shi.

Shi ya sa ni ba na cewa wanga ya fi wancan kai tsaye, sai in tambaya a ina za a sa shi. Zobe da awarwaro su ke shan wahala, wanki da omo, wanke-wanke, alwala sau biyar, ga ruwan jabel wanda ko azurfar gaske ɓata ta yake, waɗannan Tanti ki daure ki sayi azurfa ko da ƙanana ne marasa nauyi. Amma babbar sarƙar ƙirji ta fitar biki wadda za ta kwanta bisa shadda ko leshi, a shekara a sa ta sau huɗu ko biyar a maida cikin kwali, wannan palake ya isa, kuma da kuɗɗin ƙaramar azurfa za ki samu ƙatuwa mai cika ido. Ki dai ce mata turare da humra su riga sarƙa hawa jiki, kuma ta riƙa share ta da busasshen tsumma kafin ta aje.

Akwai na uku da ba ki tambaya ba kuma shi na fi jin tsoro, farin ƙarfen nan da ake cewa mayeshor, haɗin jan ƙarfe da tutiya da nikel ne, ko ɗigon azurfa babu a cikinsa amma fari ne har ciki. Ni ya taɓa ci na, na sayi 'yan kunne wajen wani mai yawo da kaya, har da 925 ɗinsu a buge, kwana uku kunnena ya kumbura yana ƙaiƙayi yana ruwa, ashe nikel ne jikina ba ya so, kuma mata da yawa haka suke. Lamba kowa na iya buga ta. Don haka 'yan kunne, ko da jikin palake ne, ƙugiyar da ke shiga huda ta zama azurfa.

Kar ki dogara da mayen ƙarfe, don ba ya kama azurfa, ba ya kama jan ƙarfe, ba ya kama tagulla, baƙin ƙarfe kawai zai tona miki. Nauyi ma yana ɗan nunawa, azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi in girmansu guda, sai dai sai hannun da ya saba. Abin da ya fi shi ne ki ce a ɗan gurza miki da magagari ta ciki inda ba a gani, palake nan take ja ko ɗorawa za ta fito, in kuma fari ya fito kina shakka sai a ɗiga masa ruwan gwaji, masu shagon ƙwarai suna da shi. Ita azurfa da giram ake saida ta, a auna gabanki a faɗa miki kuɗɗin giram daban ladan ƙira daban. In kina da lokaci ranar asabar da hantsi zan shiga Wadata ɗaukar saƙo, ki taho da kala biyun mu sa a gurza su a gabanki.