Fakitin ORS da zink: abin da na gani a jikin autana

Duk uwar da ke da ƙaramin yaro, ina ba ta shawara ta ajiye fakitin ORS da zink a ɗaki tun kafin gudawa ta zo. Ɗan kwalin nan nake nufi da ake samu a kemis da asibitin sha-ka-tafi, mai ƙunshi biyu na ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, da ƙwayoyin zink guda 10. Da shi na yi jinyar autana mai shekara ɗaya da rabi lokacin da zawo ya kama shi da damina.

Abin da mai kemis bai cika faɗa ba shi ne ORS ba ya tsayar da zawo. Mata da yawa suna ba yaro kofi ɗaya, su ga ya sake yi, sai su ce ba ya aiki, su koma neman kafso. Aikinsa mayar wa jiki ruwa da gishirin da ke zubewa, domin rashin ruwan ne ke kashe yara. Surukata da ta ga ina ta ɗura masa cokali-cokali ta ce, "Ke 'yar nan, zawon haƙori ne, ƙyale shi." Na ce, "Hajiya, ko na haƙorin ne, dubi leɓensa yadda ya bushe." Da safe idonsa ya ɗan faɗa, ko kuka ya yi ba hawaye sosai. Zuwa la'asar ya jiƙa zanin goyo da fitsari, ya kama nono da ƙarfi, alhali zawon bai tsaya ba. Da wannan nake auna maganin.

Haɗawa ba wuya. Ƙunshin da na saya na lita 1 ne, wato ruwan leda biyu masu mililita 500, ko tafasasshen ruwa da ya huce. A juye garin duka, kada a raba, kada a ƙara sukari don ya yi daɗi. Yaron da bai kai shekara 2 ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, kamar kwata zuwa rabin babban kofi. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Abin da ya wuce awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Ɗanɗanonsa gishiri-gishiri ne, nawa ya riƙa kawar da kai da farko. Da kofi ya ƙi, da ƙaramin cokali ya karɓa, sai dai abin yana son zama da haƙuri.

Zink ɗin ne aka fi yi wa sakaci. Bisa ƙa'idar da aka fitar a 2004, ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata 6, rabi ga wanda bai kai ba, tsawon kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar haɗa shi da ORS, saboda yana rage tsawon ciwon, yana kuma rage yiwuwar yaro ya sake kamuwa na wata biyu zuwa uku. Ƙwayar tana narkewa nan take a cokalin ruwa ko na nono. Na lura in cikinsa ba komai tana tayar masa da zuciya, don haka sai ya sha kunun gyaɗa nake ba shi. Ban hana shi abinci ba: nono, ayaba, faten dankali, duk abin da ya karɓa.

Ƙorafina biyu ne. Bayanin da ke jikin kwalin da Turanci yake, da ƙananan haruffa, kuma ba kowane ƙunshi ne na lita 1 ba, akwai na rabin lita. Uwar da ba ta yi boko ba sai ta yi ƙiyasi, kuma ruwan da gishirinsa ya yi yawa illa yake yi wa yaro. Me zai hana a rubuta da Hausa, har da ajami, a sa hoton ma'auni? Sannan ƙunshi biyu ba sa isa in zawon ya ja kwanaki, gara a sayi ƙari tun farko.

Kuma fakitin ba ya maye gurbin likita. In an ga jini a kashin, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko maɗiga ta faɗa, ko yaro ya yi laushi ya kasa shan komai, a saɓe shi sai asibiti ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan in yana iya haɗiya.